Lita ɗaya, dubban kilomita: tarihin gasar tsimin mai ta ɗaliban injiniya

A shekarar 1939, a garin Wood River da ke jihar Ilinois ta Amurka, gardama ta kaure tsakanin ma'aikatan ɗakin bincike na kamfanin mai na Shell. Abin da ya haɗa su kuwa shi ne wa zai fi yin nisa da galan ɗaya na fetur. Da baki ya kasa raba gardamar, sai suka koma kan titi, kowa da motarsa da irin dabarar da ya yi mata. Wanda ya zo na ɗaya ya samu mil 49.73 a galan, wato kimanin kilomita 21 a lita ɗaya. A yau akwai ƙananan motoci da ke kaiwa haka daga fitowarsu kamfani, amma a zamanin da mai ke da arha a Amurka kuma girman mota shi ne abin taƙama, wannan lissafi ya ja hankali. Ma'aikatan suka mai da abin al'ada, shekara na zagayowa a sake karawa.

Shekaru goma bayan haka, a 1949, Robert Greenshields ya ninka wancan adadi har sau uku da wata mota ƙirar Studebaker, inda ya samu mil 149.95 a galan. A 1968 wata 'yar ƙaramar Fiat 600 ta kai mil 244.35. Sai kuma 1973, lokacin da Ben Visser ya kafa tarihin da har gobe ake ambatonsa da wata Opel ƙirar 1959, wadda ta yi mil 376.59 a galan, kusan kilomita 160 a lita.

Wannan Opel ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin ta haifi jita-jitar da ta ƙi mutuwa. Har yanzu akwai masu rantsuwa cewa tun 1973 aka gano sirrin motar da ba ta shan mai, kamfanoni suka danne. Wanda ya ga hoton motar zai gane ba sirri ba ne. An kwashe kujeru da duk wani kayan jin daɗi, an rage tsayin rufinta, an matso da tayoyin baya kusa da juna, an haɗa su da injin ta hanyar sarƙa, an lulluɓe injin don kada zafinsa ya tsere, an sa tayoyi masu taurin gaske, sannan aka tuƙa ta a hankali. Babu magidancin da zai ɗauki iyalinsa a cikinta. Abin da ta nuna, kuma shi ne darasin da dukan wannan tarihi ke maimaitawa, shi ne yawancin man da mota ke sha ba tafiyar da mutum yake yi ba. Yana ƙarewa ne a jan nauyin ƙarfe, da ture iska, da gugar taya, da zafin da ke fita ta salansa da lagireto.

A watan Oktoba na wannan shekara ta 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka sa takunkumi kan Amurka da wasu ƙawayenta saboda yaƙin da aka yi da Isra'ila. Cikin 'yan watanni farashin gangar ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu, layukan motoci suka cika gidajen mai a Turai da Amurka. Abin da a da wasa ne na 'yan boko a ɗakin bincike sai ya zama maganar gwamnatoci da masana'antu. Daga nan gasar ta fita daga hannun ma'aikata ta faɗa hannun ɗalibai. A 1977 aka yi ta a filin tseren Mallory Park da ke Ingila. A 1980 ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, ta buɗe tata mai suna Supermileage, wadda aka daɗe ana yi a garin Marshall na jihar Mishigan, inda kowace jami'a ke farawa da ƙaramin inji iri ɗaya mai fistin guda na kamfanin Briggs & Stratton, bambanci ya rage ga basira. A 1981 kamfanin Honda ya fara irin tasa a Japan da injin babur mai cc 50. Sai a 1985 aka buɗe Shell Eco-marathon a Faransa, a filin tseren Paul Ricard, wadda ita ce ta zama uwar sauran. Motar da ta yi nasara a wannan karo na farko ta samu kilomita 680 a lita.

Daga 160 zuwa 680 cikin shekaru 12 ba ƙaramin tsalle ba ne, kuma dalilinsa ɗaya ne: an daina gyaran motar kasuwa, an koma ƙera mota daga tushe don wannan manufa kaɗai.

Mai karatu da bai taɓa ganin irin wannan mota ba, ga kamanninta. Tsawonta ya kai mita uku ko kusa da haka, amma tsayinta daga ƙasa da ƙyar yake wuce gwiwar mutum, doka ma ta hana ya wuce mita ɗaya. Gabanta mai kumburi ne, bayanta ya tsuke ya yi tsini. Tayoyinta uku ne a mafi yawan lokuta, biyu a gaba ɗaya a baya, dukansu a rufe cikin bodi. Direba ba zama yake yi ba, kwanciya yake yi rigingine, ƙafafu a gaba, kai a ɗan ɗage, hular kwano a ka, bel mai madauri biyar ya ɗaure shi tam, yana leƙen hanya ta tsakanin yatsun ƙafarsa. Abokan aikinsa ne ke ɗauko murfin su kifa masa. A bayan kansa akwai bangon da ya raba shi da injin, a jikin injin kuma ga tankin mai: 'yar kwalbar gilashi ce da alƙalan gasa suka amince da ita, ƙaramar cikin irin waɗannan kwalabe mililita 30 take ci. Mutum biyu na iya ɗaga motar gaba ɗaya su sa a kan tebur.

Babu abu ɗaya a wannan siffa da aka yi don ado. Iska ita ce abokiyar gaba ta farko, kuma ƙarfin turjiyarta yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu. Shi ya sa ake ƙanƙantar da fuskar motar iya ƙoƙari, a kuma tsuke bayanta don iskar da ta rabu a gaba ta sake haɗuwa lami lafiya ba tare da ta yi guguwa tana jan motar baya ba. Ɗalibai kan shafe watanni suna gwada siffa a kwamfuta, masu hali su kai samfuri ɗakin gwajin iska. Ɗan tudun da ke bakin murfi, ko kan kusar da ya ɗan fito, yana iya cin kilomita masu yawa a sakamako, don haka za ka ga ana liƙe kowace tsaga da salatif kafin a tashi.

Ta biyu ita ce taya. Duk tayar da ke birgima tana lotsewa a inda ta taɓa ƙasa sannan ta miƙe, wannan lotsewa kuwa ƙarfi take ci. Kamfanin Michelin ya ƙera wa gasar wata taya ta musamman wadda turjiyarta ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na tayar mota ta yau da kullum ba. Amma taya mai kyau ba ta da amfani in alaimen ya karkace. Tayoyin gaba su ɗan juya ciki ko waje da abin da ido ba ya gani, to motar za ta riƙa goge kwalta tun daga farko har ƙarshe. Haka boris: ana wanke masa girisin kamfani a sa masa mai marar kauri, wasu su sayi na tangaran. Na uku shi ne nauyi, wanda ya sa aka bar ƙarfe aka koma alminiyam, daga baya aka koma zaren kabon, wanda ake shimfiɗawa a cikin mazubi a jiƙa da danƙo ya daskare, ya zama shi ne bodi kuma shi ne ƙashin motar a lokaci guda.

Sai injin, kuma a nan ne dabarar da ta fi burge ni take. Injin fetur ya fi amfani da mai yadda ya kamata idan yana aiki da ƙarfinsa, ya fi ɓarna idan yana tafiya sululu. Ita kuwa wannan mota ƙarfin da take bukata don ta ci gaba da tafiya ɗan kaɗan ne ƙwarai. To ya za a yi? Sai direba ya ta da injin na 'yan daƙiƙu, ya ba shi wuta sosai har motar ta ɗauki gudu, sannan ya kashe shi ɗungurum, ya bar ta tana gangarawa shiru har gudun ya ragu, ya sake tayarwa. Mafi yawan tafiyar da injin a kashe ake yin ta. Wannan ya sa ake naɗe injin da abin riƙe zafi don kada ya huce tsakanin tayarwa da tayarwa, a kuma ƙera kulocin da ke sakin tayar baya gaba ɗaya don kada sarƙa ta riƙa jan ta. Kabureta ta daɗe da ba da wuri ga nozul mai aiki da kwamfuta, kuma sau da yawa ɗaliban da kansu ke rubuta manhajar da ke auna yawan man da za a fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta.

Duk wannan aiki na shekara guda a hannun direba yake ƙarewa. Doka ta ce kada nauyinsa da kayansa ya gaza kilo 50, in ya gaza a ƙara wa motar nauyi ya cike. Saboda haka ƙungiyoyi kan nemi mafi ƙanƙantar jiki a cikinsu, kuma sau da yawa ɗaliba ce ke samun kujerar. Ba tseren gudu ake yi ba, amma ba a yarda da jan ƙafa ba. A shekarun da aka yi gasar a Rotadam, misali, sai mota ta zagaya fili sau 10, kimanin kilomita 16, cikin mintoci 39, wato matsakaicin gudun kilomita 25 a awa. Direbar da ta iso da saura minti biyu ta yi asarar mai a gudun da ba a bukata, wadda ta makara da daƙiƙa ɗaya kuma an soke zagayenta. Dole ta san inda hanya ta ɗan hau da inda ta gangara, ta san ta inda iska ke kaɗawa, ta shiga kwana ba tare da ta taɓa birki ba, domin kowane taka birki zubar da man da aka riga aka ƙona ne. Tana yin wannan duka a kwance cikin akwatin da rana ke gasawa, ga wasu motoci a gefenta.

Kafin a kai ga haka ma akwai shingen da ya fi kayar da sababbin shiga, wato binciken alƙalai. Za a ɗora motar a kan gangare a ga ko birki zai riƙe ta, a gwada ƙarfin sandar da ke kare kan direba in mota ta kife, a duba madubi da hon da iyakar abin da direba ke iya gani, sannan a ƙirga masa daƙiƙa 10 ya kwance bel ya fito da kansa. Ƙungiyoyi da yawa sun yi tafiyar dubban kilomita suka koma gida tayarsu ba ta taɓa filin ba.

Bayan an gama zagaye, alƙali ne ke zuwa da ma'auninsa ya sake cika kwalbar zuwa layin da take a farko, ya rubuta abin da ya ƙara, a gyara lissafi gwargwadon zafin man. Daga nan ake fitar da adadin kilomita a lita. Ya kamata a fahimci wannan da kyau: babu motar da ta taɓa yin tafiyar dubban kilomita a filin. Ɗan abin da ta sha a gajeriyar tafiya ake ninkawa. Motar da aka ce ta yi kilomita 3,700 a lita, man da ta ƙona a kilomita 16 bai kai mililita 5 ba.

Idan ana maganar gwanayen fetur, suna ɗaya ne ke zuwa gaba, kuma ba na wata shahararriyar jami'a ba ne. La Joliverie makarantar koyon sana'a ce a kusa da birnin Nant na Faransa. Malaminta Philippe Maindru da ɗalibansa masu koyon aikin inji sun riƙe motarsu mai suna Microjoule tun farkon gasar, ɗalibai na shigowa suna fita, aikin na nan ana gyara shi kaɗan-kaɗan. A 2009, a filin Lausitz na Jamus, Microjoule ta samu kilomita 3,771 a lita ɗaya ta fetur. A lissafi, wannan ya isa a tashi daga Kano a je Legas a dawo, a sake komawa, a kuma ci mafi yawan hanyar dawowa. A ganina sirrin La Joliverie ba ya wuce ɗorewa. Sun riƙe malami ɗaya, da bita ɗaya, da rubutaccen bayanin abin da aka gwada bara, har ya zama ɗan aji ɗaya yana farawa ne daga inda na gabansa ya tsaya.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai PAC-Car II ta jami'ar kimiyya da fasaha ta ETH da ke Zurik a Suwizalan, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Lino Guzzella. Ita ba fetur take ƙonawa ba. Iskar haidurojin take haɗawa da iskar shaƙa a cikin wata na'ura da ke samar da lantarki, lantarkin ya juya tayar baya. Nauyinta kilo 29 ne. A watan Yunin 2005, a filin gwajin Michelin da ke Ladoux, ta yi tafiyar sama da kilomita 20 da kimanin giram 1 na haidurojin, wanda in aka mai da shi ma'aunin fetur ya kama kilomita 5,385 a lita. Wannan tarihi ya shekara 13 yana tsaye, sai a 2018 ɗaliban jami'ar Duke ta Amurka suka karya shi da mil 14,573 a galan, sama da kilomita 6,000 a lita.

Tun da wuri aka fara sukar cewa waɗannan motoci ba su da alaƙa da rayuwa, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Amsar masu shirya gasar ita ce buɗe rukuni na biyu a 2003 mai suna UrbanConcept, inda dole mota ta kasance da taya huɗu, da ƙofa, da fitilu, da wurin ajiye kaya, direba ya zauna a zaune, ya kuma riƙa tsayawa yana tashi kamar a cikin gari. Adadin ya sauko zuwa ɗaruruwa, amma darasin ya matso kusa da titi. Kamfanoni ma sun gwada. Volkswagen ta fitar da XL1 a 2013, mai cin mutum biyu da shan lita 0.9 a kilomita 100 bisa gwajin hukuma, sai dai guda 250 kawai aka ƙera, kuma kuɗinta ya haura Yuro 100,000. Wannan ya nuna inda gizo ke saƙar. Ilimin rage shan mai yana nan, abin da ke da wuya shi ne a yi shi da arha, cikin motar da mutane za su yarda su saya.

Gasar ta ci gaba da yaɗuwa. Ta Turai ta zauna a Nogaro, ta koma Lausitz, sai Rotadam daga 2012 zuwa 2015, sai Landan. Ta nahiyar Amurka ta fara a Kalifoniya a 2007, ta Asiya kuma a filin Sepang na Maleshiya a 2010. An ƙara rukunin batir, da dizal, da man itanol. Abin da Asiya ta nuna shi ne ya fi shafarmu. A 2012 ɗaliban jami'ar Dhurakij Pundit ta Tailan suka samu kilomita 2,903 a lita da itanol. A 2016, da aka fara karawar zakarun nahiyoyi a Landan, ɗaliban wata jami'ar horar da malamai da ke Bandung a Indonesiya ne suka lashe, a 2018 kuma ƙungiyar Sapuangin ta birnin Surabaya ta sake kai wa ƙasar kambun. Waɗannan ba ƙasashe ba ne da suka gaji ƙera motoci kaka da kakanni.

Najeriya ta shiga sahu a 2014, lokacin da ɗaliban jami'o'in Legas da Benin suka kai motocinsu Rotadam. Ta Benin sunanta Tuke-Tuke. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ita ma ta bi baya da motarta ABUCAR. Ba su dawo da kambu ba, kuma ba a nan darajar abin take ba. Ɗalibin da ya zana sitiyari ya ga ya ƙi juyawa, ya kwance ya sake, ya yi rigima da mai walda a kan milimita biyu, ya nemo kuɗi, ya rubuta rahoto, ya tsaya gaban alƙali ya kare aikinsa, ya samu abin da allo da alli ba za su taɓa ba shi ba.

Ba zai yiwu ɗan Najeriya ya rubuta wannan tarihi ya tsallake maganar Shell, mai ɗaukar nauyin gasar, ba. Kamfanin da ke ba ɗalibai kyauta don sun tsimi mililita ɗaya shi ne wanda sunansa ya daɗe yana fitowa a shari'o'in malalar mai a yankin Neja Delta, kuma rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya nuna girman gurɓatar ƙasa da ruwan sha a can. Gasar tana gyara wa kamfanin suna, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Amma ilimin da ɗalibi ya samu nasa ne, ba na kamfani ba, kuma babu wanda ya ce sai da izinin wani za a auna mai a kwalba a zagaya fili.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, kowane mai a-daidaita-sahu da ɗan acaɓa ya san ƙimar lita ɗaya fiye da yadda farfesa zai gaya masa. Muna da sassan injiniya a Zariya da Kano da Bauci da Maiduguri da Minna, muna da kwalejojin kimiyya da fasaha, muna da bakanikai da maƙera masu hannu. Abin da gasar farko take bukata bai wuce injin ƙaramin babur, da bututun ƙarfe, da tayoyin keke, da kwalbar awo, da fili mai kwalta, da alƙalai masu gaskiya ba. Kirana ga shugabannin waɗannan makarantu da ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa shi ne su haɗa kai su kafa irin wannan gasa a gida, duk shekara, su ware wa kowace ƙungiya malami ɗaya da bita ɗaya da ba za a riƙa canzawa ba, su kuma riƙa buga sakamakon kowa ya gani.